Kyandirin Rayyis Dahab

Ba a taɓa ganin Rayyis Dahab ya shanye kofin shayi a inda aka miƙa masa shi ba. Yakan karɓa a zaune kamar kowa, ya kurɓa, sai ya tuna da wata igiya da bai tabbatar ya ɗaure ba, ko ya ji kamar iska ta juya, ya miƙe da kofin a hannu. Da yamma matarsa Nabra take bin sawu tana tattara kofunanta, wani a kan katangar maƙwabta, wani a ƙofar masallaci, wani a ƙarƙashin bencin kwale-kwale. Ta daɗe da daina faɗa. Ta ce mutumin da ko a sahun salla yatsun ƙafarsa ba sa hutawa, ba kofi ne zai zaunar da shi ba.

Allah ya ba shi sana'ar da ta yi daidai da ciwonsa. Mai fito ne a Shallal, inda ake ce wa mai jirgi Rayyis. Ya ɗebi baƙi ya kai su tsibirin da haikalin Izis, allahiyar mutanen dā, yake, ya jira su, ya dawo da su, ya ɗebi wasu. Tafiyar gajeriya ce, saboda haka bai taɓa yin nisa da gida ba, bai kuma taɓa zama a cikinsa ba.

Shi da wannan Izis ɗin sun daɗe tare. Yana saurayi, gemu bai gama tsirowa ba, aka zo aikin kwashe haikalinta daga tsohon tsibirin da ruwa ya ci zuwa wanda yake kai yanzu. Aka kewaye wurin da katangar ƙarfe, aka zuƙe ruwan, aka sa wa kowane dutse lamba, aka riƙa ɗaukarsu kamar ƙwai. Dahab yana cikin masu jan igiya. Unguwar kakansa ma tana ƙarƙashin wannan ruwan, da dabinonta da maƙabartarta, amma ita ba wanda ya zo da fenti ya sa mata lamba. Bai riƙe wannan a zuciya ba, ko kuwa ya riƙe bai sami zaman dubawa ba. Da ladan aikin ya shiga rabin kwale-kwale, da kwale-kwalen ya auri Nabra, ya gina ɗaki, ya sa 'ya'ya a makaranta. Tun daga nan yake kiran Izis uwar ɗakinsa.

Ba ya shiga haikalin. Masu fito a bakin ruwa suke jira, ciki na masu rakiya ne, masu rataye da takardar izini a wuya. Shi ma bai damu ba. Yakan ce ya san bayan duwatsun, gefen da aka manne, wanda ba mai sake gani har tashin ƙiyama. Sauran masu fito suna tara huluna da tabarau da baƙi suka manta a jirgi. Shi sunayenta yake tarawa.

Na farko ya same shi daga bakin wani Ba'italiye mai kula da masu jan igiya, wanda in dutse ya karkace yakan ɗaga hannu sama ya roƙi a yi a hankali da Izide. Littafin makaranta ya ce Izis. Mutanen Ingila suka ce Aisis, Rashawa suka ce Isida, mutanen Japan suka ce Ishisu suna ɗan rusunawa. Masu rakiyar da suka yi jami'a suka ce duk ba haka ba ne, masu ita na asali Asat suke cewa. Wani limamin Ƙibɗawa da ya ƙetarar tare da 'yan cocinsa ya ce a harshen addu'arsu Ise take. Can daga baya wata malama 'yar Sudan ta gaya masa cewa mutanen kudu, kakanninsa ke nan, da suke gangarowa da jiragensu su kawo mata ziyara, Wusa suke kiranta, har sun bar rubutu a jikin bango. Ranar bai karɓi kuɗin fito ba, bai ci abincin rana ba, yana ta kai da komo a bakin ruwa yana gaya wa duk wanda tsautsayi ya sa ya tsaya.

Da sunayen nan ya haɗa jawabin da yake yi wa baƙi. Da zarar ya ja inji sai ya juyo ya fara: "Larabawa suna ce mata Izis, Italiyawa suna ce mata Izide..." Ƙarar inji takan cinye rabi, kuma kullum jirgi yakan daki gaɓa kafin ya kai kan Wusa. A gida babu inji, babu gaɓa, don haka iyalinsa sun ji jawabin har ƙarshe, fiye da yadda lafiyar ɗan Adam take buƙata.

Burinsa a duniya guda ne, ya yi wa uwar ɗakinsa takwara. A ganinsa abin kunya ne mutum ya ci abinci a ƙofar wani tun yana saurayi har furfura, a ce ko yarinya ɗaya babu mai sunan a gidansa. Ya taɓa tuntuɓar limamin unguwa. Ya ce masa shi bai taɓa yi mata ko ruku'u ba, sallarsa biyar ba ta wuce shi, godiya ce kawai irin wadda ake yi wa maƙwabcin kirki. Liman ya ce sunaye masu kyau suna da yawa. Dahab ya ɗauki wannan a matsayin izini.

Sai Nabra ta jero masa maza huɗu. Uku suka yi aure, matansu suka ɗora daga inda ta tsaya. Ranar suna, in namiji ne buta ake yi wa ado, in mace ce tulu. Butar gidan ta sha ado har bakinta ya gutsure. Tulun da Nabra ta saya tun tana amarya kuwa yana kan soro, tantabaru sun mai da shi gidan haya.

Ƙafar Dahab ta fara ja, likita ya fara yi masa maganar zuciya da muryar da likitoci suke yi wa tsofaffi, sannan matar Siyam, ɗansa na fari, malamin lissafi, ta haifi mace.

A tsibiri labarin ya same shi. Ya kwance igiya ya ja inji ya nufi gida, ya bar Jamusawan da ya kai suna ɗaga masa hannu daga gaɓa, har sai da autansa Fikri ya ari jirgin wani ya kwaso su. Ya faɗa ɗakin mai jego da sallama rabi a waje rabi a ciki.

"Barkanmu! Barkanmu! Ina Izis ɗin?"

Hajja Ihsan, uwar mai jego, wadda ta zo daga Idfu tun watan haihuwa ya kama, da akwatinta da carbinta, ta dube shi tun daga rawani har silifa.

"Wace ce Izis?"

"Jikata mana."

"Jikarka Ni'imat take, sunan mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta. Rayyis, ka ji tsoron Allah. Yarinya ko cibiya ba ta faɗi ba, za ka ɗora mata sunan gunki?"

"Gunki! To, Hajja, tambaya ɗaya. Marigayi mai gidanki me yake tuƙawa a Idfu? Ba keken doki ba? Ina yake kai baƙi? Ba haikalin ɗan Izis ɗin ba? Ni na ci na uwa, ku kun ci na ɗa. Kujerar Makkan nan ma da kike taƙama da ita..."

"Mu doki ne ya ciyar da mu," in ji Hajja, ba ta ko daina jan carbi ba. "Ka ga na sa wa 'yata sunan doki?"

Matan ɗakin suka fashe da dariya, har da Shadiya mai jego, wadda ta dafe ciki tana roƙon a ji tausayinta. Siyam ya leƙo daga bakin ƙofa, ya gyara murya irin ta aji.

"Baba, Hajja, ni fa Tasnim na yi niyya."

"Kai kuma wa ya sa da kai?" suka faɗa tare. Wannan ne karo ɗaya da aka ji bakinsu ya zo ɗaya.

Ummu Gabir ungozoma ce ta raba gardamar. Tsohuwa ce mai hannu kamar icce, rabin unguwar ta hannunta suka shigo duniya, sauran rabin asibiti ta yi mata ƙwace, abin da ba ta yafe ba. Ta ce ba a ɗakin jegonta za a yi kasuwa ba.

"Ranar bakwai zan kafa kyandir uku a tire, daga kwali ɗaya, tsayi ɗaya. Kowa ya faɗi sunansa a kan nasa in kunna. Wanda wutarsa ta mutu ya haƙura. Wanda tasa ta rage, shi yarinya ta zaɓa, tsawon rai take nema. Kun yarda?"

Suka yarda. Dahab har da tafi, don ya tabbata uwar ɗakinsa ba za ta bari a kunyata ta ba.

"Kyandir ɗaya, suna ɗaya," Ummu Gabir ta ƙara tana ɗaure ƙullin kayanta.

Sai da ya fita tsakar gida maganar ta ishe shi. Shekara da shekaru yana tarawa, ba wanda ya taɓa ce masa ya zaɓa.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi wa kowa daɗi ba. Da safe Nabra tana jera ƙullun burodi a rana ya tashi, sai ga inuwarsa a kai.

"Nabra, in ke ce, Izis ko Wusa?"

"In ni ce, ka matsa daga rana."

"Ina tambayarki magana ta hankali."

"Izis."

"Haka kawai? Ki yar da na kakanninki?"

"To, Wusa."

"Wa ya taɓa jin yarinya Wusa? Ko a ƙauyenku?"

"Abu Siyam, don girman Allah tafi bakin ruwa ka dami kifi."

A bakin ruwa ma bai tsira ba. Masu fito sun ji labari, kuma jiran baƙi aiki ne mai barin baki ba abin yi.

"Rayyis, sa mata Ishisu! Ta girma ta auri mai kamfanin motoci, mu ma mu huta."

"A'a, Isida. Rashawa sun fi zuwa da sanyi, ta sami kasuwa."

"Ku bar shi, ya jera mata duka. Kafin malami ya gama kiran sunanta an tashi makaranta."

Ya zage su da iyayensu cikin raha, amma zuciyarsa ba ta cikin rahar. Kowane suna da mai shi. In ya ɗauki Izis, ya ga malamar Sudan tana kallonsa. In ya ɗauki Wusa, ya tuna bai taɓa jin an kira shi da baki ba sai sau ɗaya, a cikin jirgi, da ƙarar inji. Izide ya fi kowanne daɗi a kunnensa, shi ne na ƙuruciya, na lokacin da bayansa bai san ciwo ba, amma ko shi ya san ba a kai wa Hajja Ihsan Izide. Asat shi ne tushe, sai dai yana da sanyi kamar dutse. Yakan yanke shawara a hanyar zuwa tsibiri, ya warware ta a hanyar dawowa. Ya daki gaɓa da ƙarfi har wata baƙuwa ta zauna a cinyar wanda ba mijinta ba. Fikri ya karɓe sitiyari ya ce ya je gida ya huta, wanda daidai yake da a ce wa kogi ya tsaya.

Ranar bakwai gidan ya cika tun da hantsi. An yanka rago, ana ta haɗa zoɓo, ana ƙulla gugguru da gyaɗa da dabino a leda don yara. An sauko da tulun, an sallami tantabaru, an wanke shi, an yi masa kwalliya da ƙyalle mai ruwan hoda, Nabra ta rataya masa sarƙarta ta zinariya. Ummu Gabir ta zaunar da shi a tsakiyar babban tire, ta zuba alkama da wake da gishiri kewaye, ta kafa kyandirori uku a zagayensa. Aka kira masu suna ɗakin mai jego.

"Ni'imat," in ji Hajja Ihsan, kamar mai buga hatimi.

"Tasnim," in ji Siyam, kamar mai neman afuwa.

Dahab ya matso. "Izis."

Ummu Gabir ta kunna, ta ce maza su fita, ita ma ta nufi madafa don ta duba ruwan wanka. Dahab ya fita yana jin kamar an sauke masa dutse daga ka. Sauƙin ya raka shi har rumfar da maza suke zaune, nan ya tsaya.

A rumfar akwai Ammu Bashir, tsoho mafi shekaru a dangi, wanda ya rasa haƙora bai rasa baki ba.

"Me ka sa, Dahab?"

"Izis, Ammu."

"Izis." Tsohon ya jinjina kai. "Ashe. Kai da ka hana mu shan iska shekara da shekaru da maganar kakanni, kakanni sun zo da jirgi, kakanni sun rubuta a bango. Da aka zo wurin gaske sai ka ɗauki na littafin gwamnati. Ba komai. Dama mu an saba barinmu a ƙarƙashin ruwa."

Dahab bai zauna ba. Ya juya, ya ratsa tsakar gida, ya banko ƙofar ɗakin. Wutar kyandirori ta kwanta ta tashi.

"Wusa!" ya ce wa matan. "Na canja. Ku zama shaida, nawa Wusa ne."

"Rayyis, ƙofa!"

Ya ja ƙofar ya fita. A tsakar gida Siyam ya tare shi, ya ja shi gefen randa.

"Baba, na ji abin da ka ce. Ni malami ne, na san abin da yara suke yi wa suna. Wallahi in ka sa mata Wusa, ba za ta gama aji ɗaya ba sai an yi mata waƙa. Ni na haƙura da nawa, amma ka tausaya mata."

"Yara su ne za su zaɓa mini?"

"Su ne za su kira ta."

Dahab ya zagaya randar. Ya koma ɗakin ya leƙa, wutarsa tana nan. Ya fito. Ya je rumfa ya tsaya a tsakiyar maza ya sanar da su cewa ya yi tunani, ba na Larabawa ba, ba na kudu ba, tushe za a koma, Asat, kowa ya huta. Ammu Bashir ya ce bai ji ba, ya maimaita masa da ƙarfi. Sannan ya tuna bai duba kyandir ba tun ɗazu, ya sake komawa.

Haka ya wuni. Ya shiga, ya fita, ya shiga. Rigarsa mai faɗi ce, ƙofar kuma tana kallon kogi, kowace buɗewa sai ta shigo da iska. Matan suka gaji da cewa ƙofa. Nabra, wadda ta san mijinta kamar yunwar cikinta, ta zauna kusa da tiren tana ɓare gyaɗa, kuma a wani lokaci da idon Hajja yake kan jaririya, ta sa babban yatsan ƙafa ta juya tiren kaɗan. Kyandirin Dahab ya koma bayan tulu. Na Hajja da na Siyam suka fuskanci ƙofa. Ba ta taɓa son sunan ba, amma tare da shi ta ci abincin mai sunan.

Iska tana sa kyandir zuba. Na Siyam ya fara tsiyaya ta gefe, ya lanƙwashe, ya mutu bayan azahar, ba wanda ya yi masa ta'aziyya. Na Hajja ya yi ta fama kamar mai shi, yana kwanciya yana tashi. Dahab ya shigo ya gani, ya fita ya gaya wa maza, ya dawo ya tabbatar. A wannan dawowar ce wutar Hajja ta kwanta ba ta tashi ba. Na Dahab ya rage guntu, bai kai gaɓar yatsa ba, lagwanin yana iyo a narkakken kitsensa, amma da wuta.

Wata ta fara guɗa. Maza suka taso suka cika ƙofa da taga. Ummu Gabir ta ratso su tana goge hannu.

"To, yarinya ta zaɓa. Izis."

"Wusa dai," in ji matan. "Ya shigo ya canja, mu ne shaidu."

"Wane Wusa?" in ji maza daga taga. "Asat ya ce. Har sau biyu, saboda Ammu Bashir."

Guɗar ta tsaya a tsakiya. Hajja Ihsan ta ajiye carbi a cinya, abin da ba a saba gani ba.

"Ummu Gabir, kyandir ɗaya suna ɗaya kika ce, ko kunnena ne? Wannan kyandir ne ko jirgin fito, da za a loda masa mutum uku?"

"Ai duk mace ɗaya ce!" in ji Dahab. "Hajja, mace ɗaya ce!"

"To, ita yarinyar da wanne za a kira ta cin abinci?"

Ummu Gabir ta ɗaga hannu. Ta sunkuya ta dubi wutar, ta dubi Dahab. Ba ta taɓa ganin irin wannan ba tun da take kunna kyandir, amma ba ta cikin mutanen da rashin sani yake hana su yanke hukunci.

"Wutarka tana da rai, Rayyis, naka ne. Durƙusa ka faɗi ɗaya a kanta, ɗaya tak, kowa ya ji, shi ke nan har abada. In ta mutu ba ka faɗa ba, kyandirin bai da suna, na Hajja ne ya daɗe. Yi sauri, ba ta da yawa."

Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Wutar ta koma shuɗiya, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar alkama. Ya ji numfashin mutane a bayansa. Ya buɗe baki don ya ce Izis, sai ya ji tarin Ammu Bashir daga taga. Ya juya harshe zuwa Wusa, ya ga fuskar Siyam. Kalma ɗaya ce, bai taɓa ɗaukar dutse mai nauyinta ba. Duk wanda ya ɗauka, sauran za su koma ruwa, kuma shi ne zai sake su da hannunsa.

"Abu Siyam," in ji Nabra a hankali. "Ko wanne."

"Baba, faɗi!" in ji Siyam daga ƙofa.

Bakinsa ya nemi hanyar da ya sani.

"Wato, Larabawa dai suna ce mata..."

"Ba a jirgi kake ba, Rayyis!" Ummu Gabir ta daka masa tsawa.

"Ina zuwa, ai ina zuwa. Su kuma mutanen kudu..."

Lagwanin ya kwanta a cikin kitsen. Wani siririn hayaƙi ya miƙe, ya bi gefen tulun, ya watse.

Ba wanda ya yi dariya, ko da yake daga baya an rama. Dahab yana nan durƙushe yana kallon tiren. Hajja Ihsan ta ɗauki carbinta, ta buɗe baki, ta dubi ƙeyar tsohon, ta rufe. Abin da ta ce kawai shi ne Allah ya raya. Ummu Gabir ta ce, "Ni'imat," guɗa ta tashi daga inda ta tsaya.

Aka ci gaba da abin da ake yi. Aka kwantar da jaririyar a cikin rariya, aka girgiza ta, Ummu Gabir tana buga turmin tagulla kusa da kunnenta tana yi mata huɗuba: ki ji maganar uwarki, kada ki ji ta ubanki, ki ji ta kakarki. Wata daga baya ta ce, "Ta kakanki mai jirgi kuwa, ki nemi wurin zama tukuna." Aka watsa gishiri, yara suka yi wawar gugguru. Dahab ya tashi ya fita, ya zagaya gidan ta baya, ya dawo ta gaba, ya gyara wata tabarma da ba ta karkace ba.

Da la'asar aka gangara kogi da yarinyar, kamar yadda mutanensa suke yi, don a wanke mata fuska da ruwan, a zuba wa mazauna cikinsa ɗan abinci su san an yi baƙuwa. Mata suna gaba da akushi, maza suna baya. Daga nan ana hango ginshiƙan haikalin can tsallake, rana ta mai da su ja. Dahab bai dubi wajen ba. A bakin ruwa Nabra ta karɓi jaririyar daga hannun Shadiya, maimakon ta sunkuya da kanta sai ta juyo ta miƙa masa.

"Kai ne babba. Wanke mata, ka kira ta."

Ya karɓe ta, ba ta kai nauyin igiya jiƙaƙƙiya ba. Ya tattare riga ya shiga ruwan har idon sawu, ya ɗebo da tafin hannu ya shafa mata. Ta yamutsa fuska, ta buɗe ido ɗaya ta dube shi, da alama ba ta gamsu ba. Hajja Ihsan tana tsaye a kan dutse, ta kasa kunne. Kowa ya kasa kunne.

"Ni'imat," in ji shi. Ya faɗa a fili, bai ƙara komai a kai ba. "Ni'imat, ga kogi. Kogi, ga Ni'imat."

Ya miƙa wa Hajja ita da hannu biyu, ta karɓa, ta ce masa Allah ya saka da alheri, Rayyis, da murya wadda ba ta taɓa yi masa ba. Ya gyaɗa kai. Ya fito daga ruwan ya nemi silifansa, ya sami ɗaya, ya haƙura da ɗayan. Mutane suka kama hanyar gida inda naman rago yake jira. Shi ma ya bi su, yana ɗingishi, har tsakiyar hawan. Nan ya tsaya, ya juya, ya bi taron da ido har ya gano autansa, ya kamo hannun rigarsa.

"Kai, Fikri. Yarinyar nan ta gidan Awad mai gyaran inji, da ake cewa kana tsayuwa a ƙofarsu. Me ake jira?"

"Baba, yanzu? Ko abinci ba mu ci ba."

"Na ji gidansu mata suke haifa. Uwarta mata shida ta jera, ko bakwai ne? Wuce mu je, Awad yana shago har magariba."

"Baba, takalminka ɗaya."

"Ba takalmin zai ba mu 'yar ba. Wuce."